Daga kasat zuwa katin waya: wa ke riƙe da abin da intanet ta watsa?

 

Maganar da ta tara jama'a yau ƙarama ce a ido, wato yadda mutum zai ajiye murya ko bidiyon da ake watsawa ta intanet domin ya saurara ko ya kalla daga baya. Wani zai ce ai wannan aikin samari ne masu zama bakin tasha da kwamfuta. Alhali kuwa a cikinta akwai kuɗin da ke fita daga aljihu kullum, akwai kuma batun shaida.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da shekarar 1991 ba. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba babban taron ƙasa ya zauna a Yamai ƙarƙashin jagorancin André Salifou, rediyo na kai mahawarar har cikin rumfunan kasuwa da ma'aikatu. A zamanin nan duk mai rakoda da kasat ɗin minti 90 yana iya danna maɓalli ya kama abin da ya ji, ya rubuta ranar a bayan kasat da bik, ya jefa cikin adaka. In dai zafi da ƙura ba su cinye shi ba, kasat ɗin nasa ne, ba mai shigowa daga nesa ya goge masa shi.

To, kallo ko sauraro kai tsaye ta intanet ba haka yake ba. Tashar da ke watsawa tana yanka shirin gutsi-gutsi, kowane gutsure na ƴan daƙiƙu, ta riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya. Waya ta karɓa, ta nuna, ta zubar, ta karɓi na gaba. Shi ya sa in rezo ya yi rauni hoto ya tsaya yana juyi, kuma shi ya sa mutumin da ya kalli tafsiri guda sau uku ya biya kuɗinsa sau uku. Lissafin a fili yake. Murya mai matsakaicin kyau, irin ta shirin labarai, tana cin mega kusan 30 a awa. Bidiyo ko da mai ƙaramin hoto ne yana cin ɗaruruwan mega a awa, mai kyawun hoto kuwa yakan haura jiga guda. Katin waya mai jiga 8 yana ɗaukar murya ta fiye da awa 250. Ɗan kasuwar da ba ya yarda ya biya ɗan dako sau biyu a kan buhu guda, ga shi yana biyan dakon wa'azi guda duk safiya bai ko lura ba.

Kuɗi dai ana iya nemo wani. Abin da ya fi tsanani shi ne ɓacewa. Jama'a da yawa sun ɗauka duk abin da ya hau intanet ya zauna ke nan har abada, amma shekarun nan sun nuna akasin haka. A 2019 kamfanin MySpace na Amurka ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tun daga 2003 har 2015, miliyoyi, wajen ƙaura daga wasu na'urori zuwa wasu. A watan Fabrairun 2025 Facebook ya sanar da cewa bidiyon da aka watsa kai tsaye zai riƙa goge shi bayan kwana 30, in mai shi bai sauke ko ya mayar da shi wani wuri ba. Wannan ya shafi tafsirin azumi, da taron manema labarai, da kokowar neman takobi, da duk wani taro da aka kafa wa waya aka watsa. A watan Maris na 2025 Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara magana tun 1979, ya yi shiru bisa umarnin gwamnatin ƙasarsa.

A gida ma an gani. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a ƙarshen Fabrairun 2021, an katse intanet ta wayar hannu kimanin kwana 10. A watan Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Maƙwabtan Maraɗi, mutanen Zamfara, sun yi makonni ba layin waya ko kaɗan daga Satumban 2021. Kowa na da ra'ayinsa a kan dalilan waɗannan matakai, kuma ba su ne zancen yau ba. Abin lura shi ne, ranar da aka rufe ƙofa, abin da ke cikin katin mutum kaɗai ya rage masa.

Ma'aikaci ya fi kowa sanin amfanin wannan. Wanda ya rayu cikin shekarun bashin albashi ya san sau nawa aka yi alkawari a rediyo, ya san kuma sau nawa aka ce ba haka aka faɗa ba. Haka ɗan kasuwar da ya ji sanarwa a kan kuɗin duwan ko hana fitar da hatsi: in muryar na hannunsa da ranarta, gardamarsa a bakin iyaka ta yi sauƙi. Sai dai murya ba ta maye gurbin takarda mai hatimi, tana dai nuna wa mutum takardar da zai nema.

Hanya mafi tsabta ta ajiyewa ita ce wadda mai shirin ya buɗe da kansa. Gidajen rediyo da dama suna sa shirye-shiryensu yadda za a sauke su cikin waya, kuma abin da aka sauke ta nan ana iya mayar da shi kati ko kwamfuta. Akwai wata hanya mai kama da ita wadda ke ruɗin mutane, wato maɓallin saukewa na cikin YouTube ko Netflix. Abin da aka sauke ta nan a kulle yake cikin manhajar, ba a tura wa wani, kuma in waya ta daɗe ba ta haɗu da intanet ba, ko mai bidiyon ya janye shi, sai ya ƙi buɗewa. Zanen aro ne, ba ya rufe katara. Ya isa ga direban da zai kama hanyar Agadas yana son abin sauraro, bai isa ga mai neman shaidar da za ta shekara ba.

Shirin da ake watsawa kai tsaye kuwa, yawancin wayoyin yanzu suna da maɓallin ɗaukar abin da ke kan fuskar waya, hoto da murya. Shi ne jikan rakodar da. Yana cin wuri da caji, kuma duk saƙon da ya faɗo ana cikin ɗauka zai fito cikin hoton, har da sunan mai aikowa. Sauran manhajojin saukewa da samari ke tura wa juna, waɗanda ba daga kantin manhaja na sosai suka fito ba, su ne abin tsoro. Wasu suna neman izinin karanta saƙonni da lambobin da ke cikin waya, abin da sauke bidiyo ba ya bukata. Wayar da alhaji ke karɓar kuɗin kaya da ita, ko wadda ke ɗauke da takardun ma'aikata, bai kamata irin waɗannan su kusance ta ba.

Sai batun haƙƙi. Ajiye shiri domin sauraron kai daban, buɗe rumfa ana sayar da fim ko waƙar wani daban. Ƴan fim na Kano sun daɗe suna kuka da masu turi, kuma Nijar na da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA. Amma turi ba kullum yake kashe mai fasaha ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka shiga kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011. Abin da ya raba shi da mai rumfa shi ne ya bi sawun mawaƙan ya neme su, ya ba su rabonsu.

Haɗari mafi girma yana ga gutsuren da ba shi da asali. Jawabin awa guda, a yanko daƙiƙa 40, a tura ta WhatsApp ba rana ba wuri, yana iya juya maganar mutum ta koma kishiyarta. Bidiyon wata ƙasa ko na shekarun baya yakan dawo da sunan na jiya, yanzu kuma har akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum. Dokar 2019 ta yaƙi da laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da ke iya ta da hankalin jama'a, kuma a watan Yunin 2024 an tsaurara ta, aka maido hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna. Wanda ya tura shi ake tambaya, ko da ba shi ya yanka ba.

Saboda haka mai ajiyewa ya ɗauki shiri dukansa, tun daga sallamar mai gabatarwa. Ya sauya sunan da waya ta ba shi, ya rubuta rana da tasha da mai magana, kamar yadda ake yi a bayan kasat. Ya ajiye a wuri biyu, domin katin waya yakan mutu ba gargaɗi, kasuwa kuma cike take da na jabu, wanda aka rubuta wa jiga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Sabon kati a cika shi a gwada buɗe abin da aka zuba tun ranar saye, kafin mai kanti ya manta fuskar mai saye.