Rage Shan Barasa: Hanya Ce Ko Masauki?



Tambayar da ke gaban wannan taro ita ce: mutumin da barasa ta fara ɓata wa rayuwa, zai iya warkewa ta hanyar ragewa, ko kuwa lalle sai ya bari ɗungurungum? Ƙasar Birnin Gwari wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya, domin mahaɗa ce ta direbobin manyan motoci, da masu haƙar zinariya, da manoman ƙauyukan gefen dajin Kamuku, inda burukutun dawa ya daɗe cikin al'adar waɗansu al'ummomi.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan batun. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka cikin 1935, ta tsaya a kan cewa mashayi ba shi da mafita sai bari gaba ɗaya. Amma cikin 1962 wani likita na Asibitin Maudsley a Landan, D. L. Davies, ya ba da rahoton cewa mutum 7 daga cikin majiyyata 93 sun koma sha daidai wa daida. Da Griffith Edwards ya sake bin sawunsu, sai ya bayyana cikin 1985 cewa 5 daga cikin bakwai ɗin ba su rabu da matsalar ba, ɓoyewa suka yi.

Abin da likitoci suka fahimta daga baya shi ne mashaya ba ɗaya suke ba. Wanda yake wuce gona da iri amma jikinsa bai kamu ba, yakan iya ragewa, in ya ƙidaya abin da yake sha, ya keɓe ranakun da ba ya taɓawa. A nan ma akwai cikas, domin ƙoƙon burukutu ba shi da awo, kuma ƙarfin tukunyar yau ba shi ne na gobe ba. Wanda kuwa yake wayuwar gari da karkarwar hannu, ko hantarsa ta taɓu, ragewa ba ta cika ɗorewa gare shi ba.

To, sai dai a kula: irin wannan mutum in ya yanke sha farat ɗaya, farfaɗiya da ruɗewar hankali suna iya auka masa cikin kwana biyu ko uku, har su kai ga ajali. Tilas likita ya lura da shi. Asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yana Barnawa a Kaduna, fiye da kilomita 100 daga Birnin Gwari, saboda haka wajibi ne ma'aikatan lafiya na karkara su san alamun nan.

Ga Musulmi hukunci a bayyane yake, barasa haramun ce, kaɗan ko da yawa. Duk da haka malamai sun nuna cewa haramcin ya sauka ne daki-daki, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, kana Ma'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana cikin 2023 cewa babu wani gwargwado na barasa da ba shi da illa.

Ashe ke nan ragewa hanya ce, ba masauki ba. Wanda ya sauko daga kwalba 6 zuwa 2 bai isa ba tukuna, amma ya kama hanya, kuma tsangwama ba abin da za ta ƙara masa sai ɓuya. Haƙƙin iyali da hukuma ne su riƙe hannunsa har ya ƙarasa.

Allah ya sa mu dace.