Bankin Lokaci: Wa Zai Tsaya wa Bashin Awa?



Tsarin bankin lokaci da aka gayyace ni in yi magana a kansa ba shi da wuyar ganewa. Ka yi wa wani aiki na awa ɗaya, sai a rubuta maka awa ɗaya a littafi. Ranar da buƙata ta taso maka, wani daban, wanda wataƙila ko sunansa ba ka sani ba, shi zai zo ya biya ka. Awar lauya da awar mai wanki darajarsu ɗaya.

Tun a 1832 Robert Owen ya gwada makamancin haka a Landan. Masu sana'a suna kawo kayansu a ba su takardar shaidar awannin da suka ci wajen yin su. Zuwa 1834 kasuwar ta watse, don kayan da ake so sun ƙare nan da nan, waɗanda ba a so suka yi kwantai. Waɗanda suka zo daga baya sun kauce wa kaya, suka tsaya kan hidima. A 1973 wata matar aure a Osaka ta ƙasar Japan, Teruko Mizushima, ta kafa bankin aikin sa kai. A Amurka kuma lauya Edgar Cahn ya fito da nasa tsarin a 1980, yana jinyar ciwon zuciya, lokacin da ya ɗanɗana zaman mutumin da sai dai a yi masa, ba ya iya yi wa kowa.

Na ga wasu dattawa suna murmushi, na san abin da ke ransu: ai wannan gayya ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Gayya ba ta buƙatar littafi, don gari ɗaya ake, kowa ya san wanda ya fito da fartanya da wanda ya maƙale a gida, kunya kuma ta isa ta karɓo bashin. Littafi yana shigowa ne inda sanayya ta ƙare. Ku dubi tsarin Fureai Kippu na Japan, wanda Tsutomu Hotta, tsohon mai gabatar da ƙara, ya yaɗa a shekarun 1990. Ma'aikaci a Tokiyo zai iya yi wa tsohuwar maƙwabciyarsa cefane, ya raka ta asibiti, sannan ya tura awannin zuwa garinsu, wani ya je ya kula da mahaifiyarsa. Ko kuma ya ajiye su sai nasa tsufan ya zo. Wannan kam, gayya ba ta iya shi.

To, a nan ne kuma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya ajiye awa yana ɗan shekara 50, yana sa ran karɓa a shekara 80, ya ba da bashi ne ga mutanen da wasunsu yanzu suke rarrafe. Idan ƙungiyar ta mutu fa? Idan tsofaffi suka rinjayi masu ƙarfin yin aikin, kamar yadda yake faruwa a Japan ɗin? Ko a can, bayan gwamnati ta fara inshorar kula da tsofaffi a 2000, ƙungiyoyi da dama sun raunana, wasu kuma suna haɗa awa da ɗan kuɗi.

Birnin St. Gallen na ƙasar Suwizalan bai kauda kai daga wannan tambaya ba. A tsarin da ya kafa a 2012, masu ritaya da ke da sauran ƙarfi suna taimakon waɗanda suka fi su tsufa, ba a barin mutum ya tara sama da awa 750, kuma hukumar birnin ce ta tsaya a matsayin lamuni: in tsarin ya rushe, ita za ta ɗauki nauyin hidimar da ake bin ta.

Saboda haka, ƙungiyar unguwa da ke sha'awar gwadawa, shawarata ita ce kada ta yi alkawarin shekara 30. Ta fara da bashin da za a biya cikin wata ko biyu: darasin yara, gyaran famfo, ɗinki, zaman jinya. Ta kuma tanadi albashin mai riƙe littafin tun farko, don shi ne zai riƙa bin mutane yana haɗa mai nema da mai iyawa, har ya lallashi masu jin nauyin roƙo su faɗi buƙatarsu. A Ingila, bankunan lokaci da yawa sun rufe ne da zarar tallafin da ake biyan wannan ma'aikaci ya yanke.