Mene ne E. coli, kuma me ya kai ta rijiya?

 

In ma'aikatan lafiya suka auna ruwan rijiya, wani lokaci za ku ji sun ce an samu E. coli, har wasu su ɗauka wata sabuwar annoba ce. Ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma yanzu haka tana cikin kowannenmu.

Harafin E ɗin daga sunan wani likitan yara ne Bajamushe, Theodor Escherich. A zamaninsa gudawa na kashe jarirai ƙwarai a Turai, sai ya duƙufa binciken kashinsu a birnin Munich, har ya bayyana wannan ƙwaya a 1885. Ya rasu a 1911, a 1919 masana suka laƙaba mata sunansa. Ita kuwa coli kalmar Latin ce, ma'anarta "ta babban hanji".

Kun ji ke nan, sunan da kansa ya faɗi gidanta: hanjin mutum da na dabbobi, irin su shanu da awaki. A can yawancin nau'o'inta ba sa cutarwa, har ma suna samar da bitamin K. Sai dai akwai nau'in da ke jawo gudawa, wani sa'in har da jini, da ciwon mafitsara.

A gafarce ni, ta bayan gida take fitowa. Saboda haka in an gan ta a rijiya, kashi ya shiga ruwan, kuma ta wannan hanyar kwalara da taifot ke shigowa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

Don Allah mu bar bahaya a fili, damina ce ke kwaso shi zuwa rijiya. A haƙa masai nesa da rijiya, a yi wa rijiya murfi, a rataye guga. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci. Yaron da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti da wuri.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya.