GYARAN KWAMFUTA DA INTANET A GIDA: DARASI DAGA MADAFA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wani al'amari da ake gani ƙarami, amma yana cin dukiyar 'ya'yan wannan ƙungiya a kowace shekara. Kusan duk wanda ke zaune a nan ya taɓa aika kwamfuta ko waya ko akwatin intanet zuwa gida, Samaru ko Sabon Gari. Bayan wata shida sai ya zo hutu ya tarar da na'urar a kan kabad an lulluɓe ta da ɗankwali, a ce masa ai ta mutu. Sau da yawa kuwa ba mutuwa ta yi ba, an dai rasa wanda zai yi mata tambayoyin da suka dace.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda muka fito. A Samaru aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a cikinta Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar take. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yawancinmu a shagunan intanet na bakin Titin Sakkwato muka buɗe adireshin imel na farko, muna sayen lokaci awa-awa. Tun daga 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka yaron da kwamfutar gidansu ke kwance, ranar jarrabawa zai yi fama da tambayoyi, ya kuma yi fama da madannai.

TSARIN UWARGIDA

Hanyar gano matsalar na'ura ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, domin iyayenmu mata sun daɗe suna bin ta a madafa. Idan tuwon masara ya yi gudaji, uwargida ba ta jefar da tukunya. Tana bin abin daki-daki. Wutar ta kama sosai? Ruwan ya tafasa kafin a zuba talge? Talgen ya dahu kafin a fara zuba gari? An zuba garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya, ko an antaya shi gaba ɗaya? Sai ta gama da waɗannan ne take zargin garin da aka niƙo daga inji.

Haka ma faten da ake yi mana ba'a da shi mu Zage-zagi. Idan tsamin yakuwa ya yi yawa, akan ƙara niƙaƙƙiyar gyaɗa ko ɗan ruwan kanwa, amma ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana ɗanɗanawa. Wadda ta zuba gyaɗa da kanwa da gishiri a lokaci guda, ko faten ya gyaru ba za ta san abin da ya gyara shi ba, in kuma ya ɓaci ba za ta san abin da ya ɓata shi ba.

Daga nan muke samun ƙa'idoji uku. A fara da abu mafi kusa kuma mafi arha. A canza abu ɗaya tak, a gwada, kafin a taɓa wani. A kuma san iyakar abin da ke hannun mutum.

WUTA

Kamar a madafa, tambayar farko ita ce ta wuta. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, a sa cajar waya a soket ɗin a ga ko yana kawowa. A cire ta daga doguwar wayar jone-jone a haɗa ta da bango kai tsaye, domin masu arha daga cikin waɗannan wayoyi kan saki daga ciki. A duba fis ɗin da ke cikin kan filogi, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon masara ba. Idan kwamfutar cinya ce, a cire caja, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a mayar a gwada.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Sunan masu rarraba ta ya sauya, daga NEPA zuwa PHCN a 2005, sannan zuwa kamfanoni masu zaman kansu a 2013, amma har yanzu takan yi ƙasa takan kuma yi sama. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka dawo da ita, da sa'ad da ake tayar da janareta ko kashe shi. A cire na'urori kafin a tayar, a jira minti ɗaya ko biyu injin ya daidaita. A kuma bambanta abubuwa biyu da ake rikitawa: sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta ajiye ta, UPS kuwa batir ne da ke ba mutum 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe kwamfutar cikin natsuwa. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, in hadari ya haɗu ana tsawa, babu kariyar da ta kai zare filogi daga bango.

Akwai wata alama da ke rikita mutane. Kwamfuta ta tashi, data na nan, amma shafuka sun ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro. A dubi kwanan wata a ƙasan allo. In ya koma shekarun baya, wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ya ƙare a cikinta. A gyara kwanan watan, a canza batirin, shi ke nan.

ƘURA DA ZAFI

Hunturun Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana cika ƙofofin iskar kwamfuta da ƙura, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da su a toshe. Alamomin su ne fanka ta riƙa gurnani, aiki ya yi nauyi, daga baya na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kada a ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko matashi, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a share ƙofofin da busasshen burushi, sau ɗaya a shekara kuma, bayan hunturu, a kai a buɗe a hure ta.

Yanzu da ake kallon girke-girke a waya, ta zama 'yar madafa ita ma. Tururi da hayaƙi da maiƙo suna shiga ramin caja su haɗu da ƙura su zama danƙo. A ajiye ta nesa da murhu. In ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, kada a sa mata caja, a tsane ta a bar ta inda iska ke kaɗawa. Binne ta cikin shinkafa bai fi hakan ba, ƙurar shinkafar ma kan shige ramukanta.

INTANET

Intanet sarƙa ce mai gaɓoɓi: na'urar da ke hannu, akwatin da ke rarraba waifai a gida, ƙarfen sabis na unguwa, wayoyin da aka binne a ƙasa har zuwa Legas, sannan waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Aikin mai gida shi ne gano gaɓar da ta tsinke.

A fara gwada wata na'ura. In waya tana buɗe shafuka a kan waifai ɗin amma kwamfuta ta ƙi, matsalar tana kwamfutar. A kashe ta a sake kunnawa, a sa ta manta da waifai ɗin a sake shigar da kalmar sirri. In duka sun ƙi, a duba ragowar data da ranar ƙarewarta, a kuma tabbatar an haɗa layin da lambar NIN, kamar yadda aka wajabta tun Disambar 2020. Sannan a cire akwatin daga wuta na daƙiƙa 30 a mayar. In har yanzu shiru, a tambayi maƙwabci mai irin layin.

In kuma tafiyar hawainiya yake yi, a dubi mazaunin akwatin. Katangar bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe duk suna rage ƙarfin sabis. A ɗaga shi sama kusa da taga, ba a ƙasa bayan talabijin ba. Yawancin akwatunan yanzu suna da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai, na 2.4 ya fi nisa, shi ya dace da gida mai sassa. Sai a ƙirga masu amfani. Kalmar sirrin da aka ba yaro ɗaya, kafin mako ta kai zauren maƙwabta, tuwon mutum biyar kuma ba ya ƙosar da mutum ashirin. Yadda ake canza ta yana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin akwatin. Haka nan kwamfuta kan sha data a ɓoye wajen sabunta manhajojinta. Akwai wuri a saitin Windows da ake shaida mata cewa datar ta awo ce, sai ta rage.

Wani lokaci kuma laifin ba na gida ba ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala daura da gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da maƙwabtanta, har harkar banki ta taɓu. Wanda ya kai wayarsa wurin mai gyara a ranar, asarar kuɗi kawai ya yi. In matsalar ta kamfani ce kuma an kai kuka ba a share hawaye ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar karɓar koke ta kyauta, 622.

CUTA DA AJIYA

Babbar hanyar da cuta ke shiga kwamfutocin gidajenmu ita ce filashin da ke yawo tsakanin gida da shagunan buga takardu. Akwai mai ɓoye fayiloli ta bar hotunansu kawai, ɗalibi ya ɗauka aikinsa na kammala digiri ya salwanta. Yawanci yana nan. Kada a yi gaggawar wanke filashin. A bincike shi da manhajar kariya, a sa kwamfutar ta nuno ɓoyayyun fayiloli.

Masu sayen kwamfutar hannu don aikawa gida su lura cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafin Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. A tambayi mai sayarwa ko na'urar za ta ɗauki Windows 11. A kuma ja kunnen iyayenmu: lambar sirrin da ke shigowa ta saƙo, ta banki ce ko ta WhatsApp, ba a karanta wa kowa, ko da ya kira da sunan ma'aikacin banki ko sakataren ƙungiya.

Idan fate ya kama a gindi, uwargida ba ta ci gaba da motsawa, domin ƙaurin zai game tukunyar. Juye na sama take yi a wata tukunya. Haka in ma'ajiyar kwamfuta ta fara ƙara ƙyas-ƙyas, ko fayiloli suka fara ƙin buɗewa, a dakatar da aiki a kwashe muhimman abubuwa tukuna. Gara ma kada a jira wannan rana. Takardun fili, sakamakon jarrabawa, hotunan magabata, kowanne a ajiye shi wuri biyu da ba ɗaki ɗaya ba: ɗaya a filashi, ɗaya a imel ko wurin ɗan'uwa a wani gari.

LOKACIN ZUWA WURIN MAI GYARA

In an ji ƙaurin ƙonewa, ko batir ya kumbura, ko ruwa ya shiga ciki, an wuce gyaran gida. Kumburarren batir yana iya kamawa da wuta, kada a matsa shi ko a huda shi. Muna da masu gyara a PZ da kasuwar Sabon Gari da ta Samaru, kuma akwai ƙwararru a cikinsu. Kafin a je, a ɗauki hoton saƙon da na'urar ke nunawa, a rubuta abin da aka riga aka gwada, a cire layi da katin ajiya, a yi ciniki kafin a buɗe, a kuma karɓi tsohon abin da aka cire.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Na farko, duk mai aika kwamfuta gida ya sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafinsa tun farko. Na biyu, a kowane gida a zaɓi mutum ɗaya a danƙa masa amanar na'urar, kuma kada a tsallake 'ya'ya mata da iyayensu, domin su ke gida lokacin da ake ɗauke wuta da lokacin da ake dawo da ita. Na uku, kwamitin ilimi ya taƙaita waɗannan matakai a shafi ɗaya da Hausa, a raba a manna kusa da soket. Na huɗu, a lokacin hutun da muke haɗuwa a gida, 'ya'yan ƙungiya masu wannan sana'a su ware yini guda su duba na'urorin da ke kwance, matasa na kallo suna koyo.

Mun saba auna taimako da kuɗin abin da muka saya. Ina roƙon mu fara auna shi da yawan na'urorin da za mu tarar suna aiki baɗi, da yawan yaran da za su shiga ɗakin jarrabawa hannunsu ya saba da madannai.