Jawabi a kan makero, ciwon maraƙi mai bin yaro har ɗaki

Ardo-ardo, dattawan ruga, iyayenmu mata, fatake da dillalan shanu, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya ba da ladan zumunci.

Mun saba taruwa a kan maganar burtali da mashaya. Yau za mu taɓo wani ciwo da muke rainawa, wato makero, wanda in ya hau kan yaro muke ce masa ƙora. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan ciwo yana karya kuɗin maraƙi a kasuwa, yana barin tabo a fata wanda majemi ke gani bayan jima, kuma yana tsallakawa daga dabba zuwa ƴaƴanmu.

Da farko mu san shi. Abin da ke kawo makero dangin fumfunar nan ne da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe, sai dai shi gashi da bayan fata yake ci. Ya fi kama maruƙan da ba su cika shekara ba, musamman ramammu da ke cushe wuri ɗaya. Za ku ga gashi ya zube a zagaye, wurin ya yi ɓawo fari-fari kamar toka, a gefen ido, ko kunne, ko wuya. Kada mu haɗa shi da kirci. Shi kirci da damina yake tashi, inda kaska ta yi yawa, yana cure gashi a gadon baya. Allurar taramisin tana taimakon kirci, amma ba ta yi wa makero kome. Haka allurar tsutsa. Wanda ya saye su domin makero ya zubar da kuɗinsa.

Na biyu, yadda yake yaɗuwa. Irin ciwon yana maƙale a dangwali, da turke, da icen da maraƙi ke gogawa, yana yin watanni bai mutu ba. Dabba tana ɗauka yau, ba za a gani ba sai bayan mako 1 zuwa 4. Saboda haka, ƴan'uwa fatake, saniyar da kuka saya sumul tana iya shigo da shi. Ku ware sabuwar dabba tukuna. To, wa ke riƙe maraƙi in ana tatsa? Mata da yara. Shi ya sa muke ganinsa a hannu, da wuya, da kai. Tsakanin yara kuwa, askar wanzami, da hula, da matashi ɗaya suna ƙara watsa shi.

Na uku, maganin gida. Akwai wanda muka yarda da shi: wanke wurin da sabulu, a bar shi ya bushe, a jiƙa ɓawon da man shanu ko man kaɗe don ya yi laushi, a fitar da maruƙa su sha rana, a ƙara musu abinci. Akwai kuma wanda muke roƙonku don Allah ku bari: baƙin man mota, da ruwan batir, da ƙona wurin da ƙarfe, da ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fatar yaro. Duk ƙuna suke yi. Nonon tumfafiya kuwa, in ya ɗiga a ido yana iya ɓata shi, ga shi makeron maraƙi a bakin ido yake zama. Gaskiya ne maraƙi kan warke da kansa cikin wata 1 zuwa 4, har a ce maganin ne ya yi aiki. Amma kafin nan ya shafa wa garke da gida.

Na huɗu, maganin likita. Ga dabba, a sa leda a hannu, a kankare ɓawon a hankali, a ƙone shi, sannan a shafa aidin irin su Betadine, a kiyaye ido, a yi ta maimaitawa yadda malamin dabbobi ya ce. Dangwali da turke a wanke su da jabel, awo 1 cikin awo 10 na ruwa. Tsohuwar igiya a jefa ta wuta.

Ga mutum, in a jiki ne, a nemi man kulotirimazol, ko mikonazol, ko man Whitfield. Ana shafawa safe da yamma, mako 2 zuwa 4, har a zarce gefen zoben, kuma kada a daina ranar da ya dushe. In a kai ne, ko a gemu, mai kaɗai ba ya isa, domin ciwon yana cikin saiwar gashi. Sai a je likita a karɓi ƙwayar girisiyofulbin, a sha mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. Tana ƙara aiki in an sha da madara, madara kuwa Allah ya ba mu. Mace mai ciki ba ta shan ta. In aka bar kai ya kumbura yana ruwa, gashin wurin yana iya tafiya har abada.

Abu biyu mu riƙe. Man shafawar ƴan tebur mai kashe ƙaiƙayi nan take, da man sa fari, suna ɓoye makero ne yana ƙara faɗi. Sannan tabon da ya yi haske a jiki, ana taɓa shi ba a ji, a kai shi likita da wuri, domin yana iya zama farkon kuturta, ita kuwa tana da magani kyauta.

To jama'a, in kun koma ku duba abu uku rana ɗaya: maraƙi, da yaro, da dangwali. In an yi wa ɗaya magani an bar biyu, ciwon zai dawo. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu.