Haƙƙin Yaron Shago a Kasuwar Kayan Gini: Jawabi Ga Iyaye da Iyayen Gida

 



Abin da ya tara mu a yau magana ce da ta shafi kusan kowane gida a nan Sabon Gari, wato maganar 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke tsaron shagunan kayan gini. Da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da wanda yake sammako zuwa shagon siminti, ko na fenti, ko na kwano da rodi, ko na kayan famfo da wayar lantarki ba. Wasu a wurin 'yan uwanmu Hausawa suke, wasu kuma a wurin maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo da Yarabawa da Nufawa. Saƙonmu guda ɗaya ne: yaron shago ma'aikaci ne mai haƙƙi, kuma haƙƙin nan ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai an rubuta sharuɗɗan aikin tun ranar farko.

Jama'a, mun san tarihin zamanmu a garin nan. Ƙasar Gwari ce, kuma kakannin da yawa daga cikinmu sun biyo aikin layin dogo da ya taso daga Baro ya kai Kano a shekarar 1911, wasu kuma fatauci ya kawo su. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedikwatarta, sai gine-gine suka yawaita, daga Bosso zuwa Tunga, daga Maitumbi zuwa Chanchaga, kasuwar kayan gini ta buɗe, yaranmu suka samu abin yi. Amma har yanzu akwai wani tsoro a zukatan wasunmu, cewa mu baƙi ne, idan aka cuci ɗanmu gara mu yi shiru kada a ce mun cika fitina. Wannan tsoro ba shi da tushe a doka. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Babu inda Dokar Ƙwadago ta nemi takardar shaidar ɗan asalin jiha kafin ma'aikaci ya karɓi haƙƙinsa.

Bari mu dubi aikin kansa, domin wasu iyaye suna zaton zama ne kawai a kan benci ana jiran mai saye. Yaron shago shi ne mai buɗewa da share wuri, shi ne mai ƙirga kaya, da rubuta rasit, da auna ƙusa, da yanka waya, da haɗa kalar fenti. Idan mota ta iso, sau da yawa shi ne ɗan dako. Buhun siminti kilo 50 ne, tirela kan ɗauko buhu 600. Idan mutum huɗu suka sauke ta, kowannensu ya ɗaga buhu 150 ke nan, wato kilo 7,500 a yini guda. Ƙurar siminti tana shiga ƙirji da ido, jiƙaƙƙensa kuma yana cin fata. Gefen kwano yana yanka kamar reza, rodi mai tsawon mita 12 idan ya suɓuce yana iya karya ƙafa. Bayan duk wannan, kuɗin ciniki yana ratsawa ta hannunsa, kuma idan lissafi bai cika ba shi ake fara kallo.

To, me doka ta tanada? Dokar Ƙwadago, wadda ke babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta shafi mai aikin ƙarfi da mai aikin rubutu, kuma yaron shago yana yin duka biyun. Za mu kawo muhimman wurare guda biyar.

Na farko, takarda. Sashe na 7 ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin cikar wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunayensu, da irin aikin, da yawan albashi da lokacin biyansa, da awoyin aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Alkawarin baki ma alkawari ne a gaban shari'a, amma ranar gardama wanda ba shi da takarda shi ke shan wahalar kawo shaida.

Na biyu, albashi. Doka ta ce a biya da kuɗi, ba da kaya ba, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Game da yanke albashi, sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci. Idan tayil ya fashe ko galan ɗin fenti ya zube, ubangida ba shi da ikon zaftare kuɗin da kansa, sai in asarar ta faru da gangan ko da sakaci, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Ko a nan ma, jimillar abin da za a cire ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin wannan lokaci ba.

Na uku, hutu. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da bai gaza awa guda ba, kuma a kowane kwana bakwai yana da yini guda cur. Bayan wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki tare da cikakken albashi. Idan ya kwanta ciwo kuma likita ya ba da shaida, za a biya shi har kwana 12 a shekara.

Na huɗu, sallama. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda kuma ga wanda ya kai shekara biyar. Ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Mu lura, wannan ƙa'ida ta hau kan yaro kamar yadda ta hau kan ubangida. Ba daidai ba ne yaro ya ajiye mabuɗi ya tafi ba sallama don wani shago ya ƙara masa dubu biyar. Haka nan wanda aka kama da babban laifi kamar sata, doka ba ta hana a sallame shi nan take ba.

Na biyar, ƙananan yara. Sashe na 59 ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai ɗan aiki mara nauyi na gida ko gona a wurin danginsa, ya kuma hana a ɗora masa kayan da zai cutar da girman jikinsa. Wanda bai kai 16 ba, ba a sa shi aiki fiye da awa huɗu a jere, ko fiye da awa takwas a yini. Iyaye mata, ku kuka fi kowa ganin yadda yaro ke dawowa gida da dare, ku riƙa tambaya.

Akwai wurare biyu da dole mu faɗi gaskiya a kansu, don kada wani ya fita daga nan ya je ya tayar da rigimar da ba zai ci ba. Ɗaya shi ne mafi ƙarancin albashi. An sa shi Naira 5,500 a 2000, ya koma 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho. Yawancin shagunanmu mutum biyu ne zuwa biyar, don haka abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne abin da yaro zai iya nema. Ɗayan kuma shi ne dangantaka: Dokar Ƙwadago ba ta lissafa iyalin mai shago cikin ma'aikata ba. Ke nan a daidai inda muka fi jin kunyar rubutu, wato tsakanin wa da ƙane, a nan ne doka ta fi barin mu da abin da muka ƙulla da hannunmu.

Wannan ya kawo mu ga al'adarmu ta yaron gida. Uba ya kai ɗansa wurin Alhaji ya ce ga amana, ba a faɗi albashi ba, ba a faɗi shekaru ba, sai dai a ce in Allah ya yarda za a sallame shi da jari. Mutane da yawa sun yi arziki ta wannan hanya, kuma muna yi wa iyayen gidan da suka cika alkawari addu'a. Amma mun sha ganin inda shekara takwas ta wuce, yaro ya isa aure, sai a wayi gari an ce kaya sun ɓata, a kore shi hannu rabbana. Mun kuma ga inda ubangida ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba. Maƙwabtanmu Ibo, waɗanda suka yi nisa a wannan kasuwa, sukan yanke shekarun koyon ciniki a gaban dangin ɓangarorin biyu tun kafin yaro ya fara. Doka ma ta san da koyon sana'a: ta ce yarjejeniyar ta kasance a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida ta, kuma kada ta wuce shekara biyar. Wanda yake ganin rubutu rashin yarda ne, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu na nan, sun kuma san cewa a babin ijara sai an san lada an san aiki.

Sai maganar rauni. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, domin a kula da wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Wanda ya samu rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, kuma a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. A ajiye katin asibiti da rasit na magani. Amma rigakafi ya fi magani: safar hannu, da takunkumin hanci, da takalmi mai rufi.

Abin da ya fi tayar wa gidajenmu hankali shi ne ofishin 'yan sanda. Lissafi ya ƙi cika, ko wani ɗan kwangila ya karɓi kaya bashi ya ɓace, sai a kai yaro a rufe, wani lokaci har da wanda ya tsaya masa. Sata laifi ce, kuma ba mu goyon bayan ɓarawo ko ɗan wane ne. Amma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Minna kotu ba ta yi nisa ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Kada yaro ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba.

Ku kuma matasa, kariyarku tana hannunku. Ku ƙirga kaya tare da ubangida ranar da kuka karɓi shago, ku sa hannu ku biyu, ku maimaita duk wata. Kada ku ba da bashi sai da izininsa, kuma ku rubuta suna da rana. Kada kuɗin ciniki ya shiga asusunku na banki ko na waya, komai matsin mai saye. Kada ku rage siminti a buhu, ko ku ba da rodi siriri a matsayin mai kauri, ko da an umarce ku, domin ginin da ya rufta rayuka yake ci, kuma rubutun hannunku ne a kan rasit.

Idan saɓani ya taso, a fara da sulhu: iyaye, da shugabannin kasuwa, da mai unguwa, da dattawan wannan ƙungiya. Idan ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ga marasa ƙarfi, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago.

A ƙarshe, muna roƙon kowane magidanci da ke da yaro a shago, da kowane mai shago da ke cikinmu, kafin zamanmu na gaba a zauna a rubuta abu biyar a takarda guda: ranar fara aiki, albashi ko jarin da aka yi alkawari, shekarun da za a yi, ranar hutu, da wanda zai ɗauki asara idan ta faru. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, duk ya wadatar. Masu ilimin cikinmu su taimaka wa wanda bai iya rubutu ba, don Allah.

Allah ya albarkaci kasuwancinmu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya.