Tsofaffin Kalmomin Turanci da ke Bakin Iyayenmu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Jalingo



An nemi in ɗan yi bayani a kan tsofaffin kalmomin Turanci, to ni ba zan je Ingila neman su ba. Suna nan a bakin iyayenmu da cikin akwatunansu.

Bara na halarci rabon gado a unguwarmu. Aka fito da wata tsohuwar takardar cinikin fili, an rubuta cewa an biya fam goma sha biyu da sule biyar. Wani daga cikin jikokin mamacin, mai digiri kuwa, sai ya ce, "Baba, wane ne Sule kuma?" Aka yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba. Wannan takarda ita kaɗai ce shaidar cewa filin nasu ne, ga shi magada ba su san abin da ta ce ba.

To bari mu fara da kuɗin. Fam shi ne pound na Ingilishi, sule kuma shilling. Sule ashirin ke yin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu ke yin sule. Shi kansa kwabo daga copper ya fito, watau jan ƙarfe. Sisi kwabo shida ne, rabin sule ke nan. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka mai da fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Don haka kuɗin filin nan naira ashirin da huɗu ne da kwabo hamsin. Har gobe muna cewa "ba ni da ko sisin kwabo", alhali yawancin masu faɗa ba su taɓa riƙe sisi ba.

Sai kalmomin mulki. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, ba a jima ba Turawa suka zo da nasu tsarin. Daga 1926 ƙasar Muri ta koma ƙarƙashin Lardin Adamawa. Babban Baturen lardi, wanda ke zaune a Yola, shi ne Razdan, daga Resident. Na ƙarƙashinsa, mai kula da yanki, shi ne Di'o. En'e kuwa ita ce hukumar Sarki, mai karɓar haraji da jangali, mai alƙalai da 'yan doka da gidan yari nata. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya rufe babinta baki ɗaya. Saboda haka in kun ga hatimin En'e a takarda, kada ku wulaƙanta ta, ta girmi Jihar Gongola ta 1976, balle Taraba ta 1991.

Akwai kuma waɗanda ba su mutu ba, sai dai sun sake riga. Kantoma asalinsa majistare ne mai kula da unguwar Turawa da sojoji. Da soja suka zo suna naɗa mutum ɗaya ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba, sai muka ɗauko tsohuwar kalmar muka liƙa masa. Kanti daga canteen ne, irin shagunan kamfanonin Turawa da ke bakin Binuwai a Ibi da Lau, yau ko mai sayar da sabulu a ƙofar gida kanti gare shi.

Wadda ta fi shafarmu ita ce bariki. Da can masaukin soja ne kawai. Daga nan ta zama duk inda Turawa da ma'aikatansu ke zaune, da kuku da boyi da masinja da lebura da helma, watau shugaban leburori. Daga bisani aka ce "ɗan bariki", mai wayo, wanda ya bar gida ya bar tarbiyya. Mu da iyayenmu suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci suka zauna nan, mun sha jin 'yan uwa a gida suna ce mana mazauna bariki. Su kuwa iyayen nan fatauci da almajiranci da neman halal suka kawo su. Yaron da ya san asalin kalmar zai iya ba da amsa cikin ladabi, ba sai ransa ya ɓaci ba.

Jama'a, ina da roƙo guda biyu. Na farko, kowa ya koma gida ya buɗe akwatin tsohonsa, ya fito da takardun fili da rasiɗan haraji, ya zauna da 'ya'yansa a karanta tare tun masu fassarawa suna raye. Na biyu, ina roƙon shugabanni su ware shafi ɗaya a mujallarmu, duk fitowa a kawo kalma biyar da ma'anarsu daga bakin dattawa. Ni na ɗauki nauyin biyar na farko.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.